Cire allon sarrafa saba ba tare da katse imel ba

Allon sarrafa saba manhaja ce da ake ɗorawa a kan sabar intanet domin mai kula da ita ya riƙa buɗe shafukan yanar gizo, akwatunan imel da rumbun bayanai ta hanyar danna maɓallai a burauza, maimakon rubuta umarni da hannu. Daga cikin sanannun irinta akwai cPanel, Plesk, ISPConfig, HestiaCP da Webmin. Ana iya cire allon a bar imel yana aiki, amma sauƙin hakan ko wahalarsa ya dogara ne ga inda allon ya ajiye bayanan da manhajojin imel suke buƙata.

Dalilan cirewa

Babban dalili shi ne kuɗin lasisi. A shekarar 2019 kamfanin cPanel ya sauya tsarin farashinsa, ya koma karɓar kuɗi gwargwadon yawan asusun da ke kan saba, abin da ya sa masu saba da yawa neman mafita. Akwai kuma batun tsaro, domin allon ƙofa ce ta shiga saba da cikakken iko. Wasu kuwa sun riga sun kwashe shafukansu zuwa wani wuri, imel kaɗai ya rage, don haka allon ya zama kaya mai cin ƙwaƙwalwar na'ura ba tare da amfani ba.

Alaƙar allon da sabar imel

Allon ba shi ne yake aika wasiƙa ko karɓarta ba. Wannan aikin wasu manhajoji ne masu zaman kansu. Postfix, wadda Wietse Venema ya fitar a 1998, da Exim, wadda Philip Hazel ya fara rubutawa a Jami'ar Kambrij ta Ingila a 1995, su ne ke karɓar saƙo da tura shi ta ƙa'idar SMTP. Dovecot, wadda Timo Sirainen ya fitar a 2002, ita ce ke ba mutum damar buɗe akwatinsa ta IMAP ko POP3.

Aikin allon shi ne rubuta wa waɗannan manhajoji saitinsu da kuma riƙe abin da suke dubawa a kullum: jerin adireshi, kalmomin sirri, ƙa'idojin tura saƙo daga wani adireshi zuwa wani, mabuɗan DKIM da takardar shaidar tsaro ta TLS. Sau da yawa shi ne kuma yake kula da bayanan DNS na sunan yanki. Idan waɗannan suka tafi tare da allon, Postfix ko Exim za ta ci gaba da aiki amma ba za ta gane kowa ba.

Bambanci tsakanin alluna

Webmin tana gyara ainihin fayilolin saitin manhajojin ne kai tsaye, saboda haka cire ta ba ya taɓa Postfix ko Dovecot.

ISPConfig tana ajiye asusun imel a rumbun bayanai na MySQL ko MariaDB, kuma Postfix da Dovecot suna tambayar rumbun kai tsaye. Muddin rumbun yana nan, imel zai iya ci gaba da tafiya bayan an rufe allon, sai dai ƙara sabon akwati zai koma aikin hannu.

Plesk tana haɗa Postfix da wasu ƙananan manhajoji nata, tana kuma ajiye wasiƙu a /var/qmail/mailnames. Cire ta yana tafiya da waɗannan sassa, don haka dole a sake rubuta saitin.

cPanel ce ta fi wuya. Tana zuwa da nata Exim da Dovecot da aka ɗaure da tsarinta, kuma ba ta da manhajar cirewa. Shawarar kamfanin ita ce a goge sabar a sake ɗora tsarin aiki daga farko. A nan hanya mafi aminci ita ce kafa sabuwar saba a kwashe wasiƙun zuwa can.

Matakan da aka saba bi

Ana farawa da ɗaukar cikakken kwafin saba a ajiye shi a wani wuri, sannan a rubuta jerin dukkan adireshi da inda kowanne yake tura saƙo. Kalmomin sirri galibi a ɓoye ake ajiye su, kuma Dovecot tana gane yawancin salon ɓoyewar da ake amfani da su a Linux, saboda haka ana iya kwashe su yadda suke ba tare da an tilasta wa mutane sauya su ba.

Bayan haka sai a mayar da DNS zuwa wani mai ba da hidima idan allon ne ke riƙe da shi, a tabbatar an kwafe bayanan MX, SPF, DKIM da DMARC daidai. Ana rage wa'adin TTL kwana ɗaya ko biyu kafin aikin domin sauyin ya bazu da wuri.

A tsarin Debian da Ubuntu, ana amfani da umarnin apt-mark manual a kan Postfix da Dovecot, domin kada apt autoremove ya ɗauke su a matsayin tarkacen allon ya goge su. Ƙwararru sukan fara da tsayar da allon na wasu kwanaki kafin a goge shi, don a ga abin da zai lalace tun ana iya komawa baya. Idan ƙaura ake yi zuwa sabuwar saba, manhajar imapsync tana kwafe akwatuna daga tsohuwa zuwa sabuwa.

Haɗurra

Kashe sabar imel na ɗan lokaci ba ya jawo asarar wasiƙa. Idan saba mai aikawa ta tarar ba a amsawa, tana riƙe saƙon ta yi ta sake gwadawa. Postfix, alal misali, tana jira har kwana 5 a saitinta na asali. Asara tana faruwa ne idan sabar tana kunne amma jerin adireshinta ya ɓace, domin a lokacin za ta mayar da amsa mai lamba 550, wato babu mai wannan adireshi, kuma mai aikawa ba zai sake gwadawa ba. Shi ya sa ake rufe tasha ta 25 a lokacin aikin, ko a kunna saitin soft_bounce na Postfix, wanda ke mayar da ƙin karɓa na dindindin zuwa na wucin gadi.

Wasu matsalolin sai daga baya suke bayyana. Takardar shaida ta Let's Encrypt da aka saba bayarwa tana ƙarewa ne bayan kwana 90, kuma allon ne yake sabunta ta. Idan ba a ɗora wata manhaja kamar Certbot a madadinsa ba, wayoyi da kwamfutoci za su fara ƙin haɗuwa da sabar. Rasa mabuɗin DKIM yana sa saƙonni su faɗa akwatin shara, musamman tun daga Fabrairun 2024 da Gmail da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗan tantance masu aikawa. Kuskure a saiti kuma yana iya barin sabar a buɗe ga kowa, 'yan damfara su yi ta aika saƙonni ta cikinta har adireshinta ya shiga jerin baƙin suna irin na Spamhaus.

Bayan an cire allon, sabunta manhajoji, tace saƙonnin banza da ajiye kwafi duk suna komawa wuyan mai kula da sabar.