SABON RULMA A TSOHUWAR MOTA: A AUNA KAFIN A BUGA



Idan kaka ta yi, kowa ya san amfanin babbar mota. Ita ke kwasar gero da wake da gujiya da aya daga ƙauyukanmu. Ita ke kai su kasuwannin Maraɗi, Cadawa, Agye, Gazawa da Gidan Runji. Da yawa cikin motocin nan tsofaffi ne. Ga misali Berliet, wadda muke ce wa Barliye. A Faransa anka ƙera ta, kusa da birnin Liyon. A 1978 kamfanin ya haɗe da Saviem, kuma daga 1980 ya daina sa sunan Berliet ga sababbin motocinshi na Faransa. Ke nan galibin waɗanda muke gani sun haura shekara 40 suna aiki.

Tsohuwar mota tana yawan son gyara. Yau za mu yi magana kan wani ƙaramin ƙarfe da ake ce wa rulma. Ƴan uwanmu na Najeriya suna ce mashi boris. Ko ba ka da mota, maganar ta shafe ka. Buhunka shina cikin motar, kai ma kana bisa kaya. Ban da haka, akwai rulma a amalanken shanu, da injin niƙa, da babur.

MENE NE RULMA?

Rulma zobe biyu ne na ƙarfe, babba da ƙarami. Tsakaninsu akwai ƴan ƙwallaye ko ƴan gungume masu mirginawa. Ƙaramin zobe shina zama bisa sandar ƙarfe. Babban zobe shina zama cikin gurbi. Shi ke sa ƙafar mota ta juya ba tare da ƙarfe ya ci ƙarfe ba. Akwai shi a cibiyar kowace ƙafa, da cikin akwatin giya, da tsakiyar doguwar sandar da ke kai ƙarfin inji ga ƙafafun baya.

Idan rulma ya gaji, shina gurnani, ƙafa tana rawa, wurin shina zafi. Sai a sayo sabo. To, nan ne matsala ke fitowa. Wani lokaci sabon ya ƙi shiga. Wani lokaci kuma ya faɗa gurbi sakwaf, ba kamu. Duka biyun gargaɗi ne. Kada a amsa masu da guduma.

DA FARKO A KARANTA LAMBA

Ga inda karatunku zai yi rana. A gefen kowane rulma akwai lamba. A rulman da anka yi da awon milimita, lambobi biyu na ƙarshe suna faɗin girman ramin tsakiya. In sun kai 04 ko sun wuce, sai ka riɓa su sau 5.

Misali, 6205. Ka ɗauki 05 sau 5, ka samu 25. Raminshi milimita 25 ne.

Wani misali, 6206 da 6306. Duka biyun raminsu milimita 30 ne. Amma faɗin 6206 daga waje milimita 62 ne, na 6306 kuwa 72. Sandar za ta karɓi kowane, gurbin kuwa ɗaya kaɗai zai karɓa. Saboda haka a rubuta lambar duka, har da haruffan da ke bayanta.

Akwai kuma tarko. Wasu tsofaffin motocin Ingila da na Amurka da awon inci anka yi rulmansu. Lambobinsu ba su bin wannan lissafi. Inci ɗaya milimita 25 ne da ɗigo 4. A ido, rulma mai milimita 25 da mai inci ɗaya kamar tagwaye suke. A jikin mota ba su maye gurbin juna.

Wanda za a aika Maraɗi, ko kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, shi tafi da tsohon rulman a hannu da lambar a takarda. In lambar ta goge, makaniki shi auna abu uku: ramin ciki, faɗin waje, da kauri.

IN LAMBA DAIDAI CE AMMA YA ƘI SHIGA

Ku sani, masu ƙera mota da gangan sunka sa zobe ɗaya ya matse. Zoben da ke juyawa tare da kaya shi ne mai kamu. A ƙafar gaba, babban zobe ke matsewa cikin cibiya, ƙaramin kuwa shina zamewa bisa sanda da hannu. A cikin akwatin giya, galibi ƙaramin zobe ke matse sanda. Matsin nan bai kai kaurin gashin kai ba. Ƴar tsatsa ko ƙwayar rairayi ta isa ta hana shi shiga.

Ga abin da ya kamata a yi:

1. A wanke sanda da gurbi da gazuwal, a goge da tsumma mai tsabta. Kada a yi aikin bisa rairayi. A shimfiɗa buhu ko tabarma.

2. A shafa da yatsa. In akwai tudu inda anka taɓa bugu, a goge tudun kaɗai da lallausar takardar guga.

3. Kada a fidda sabon rulma daga takardarshi sai lokacin sawa.

4. In ƙaramin zobe ne zai matse sanda, a ɗumama rulman cikin man inji mai tsabta. A rataye shi da waya, kada shi taɓa gindin tukunya. Zafin ya tsaya tsakanin awo 80 da 100, wato kada ya wuce na tafasasshen ruwa. In ya haura 120, ƙarfen zai rasa taurinshi. Zafi shina buɗa zoben kaɗan, sai shi zame da kanshi. Rulman da ya zo a rufe da giris cikinshi, ba a sa shi a mai. Kuma kada a gasa rulma da harshen wuta.

5. In dole a buga, a sami bututun ƙarfe daidai da zoben da ake turawa. A buga a hankali, kai tsaye, kada shi karkace. Kada a bugi babban zobe don a tura ƙarami. Bugun zai bi ta ƙwallaye ya bar tabo, rulma ya mutu tun bai fara aiki ba.

IN YA SHIGA SAKWAF

Wannan ya fi haɗari. Ma'anarshi gurbin ko sandar sun cinye. Tsohon rulman ya daɗe shina juyawa cikin mazauninshi har ya faɗaɗa shi. A duba: wurin zai yi ƙyalli, ko a ga jan gari kamar tsatsa.

Wasu sukan sassare gurbin da ƙusa don ya kama. Wasu su cusa yankin gwangwani. Mota za ta tashi, ba shakka. Amma ƴan tuddan ƙusa ba su ɗaukar nauyin buhuna. Cikin ɗan lokaci su kwanta, rawa ta dawo fiye da da.

Gyaran gaskiya shi ne a kai ƙarfen wurin masu injin sassaƙar ƙarfe, wanda ake ce wa tur. Za su rarake gurbin su sa mashi hannun riga na ƙarfe daidai awo. In cinyewar ta yi yawa, ko akwai tsagewa, sai a nemi wata cibiyar. Sandar ƙafar gaba kuwa, in ta ci, a canza ta. Ranku ne ke kanta.

ƊAURIN NOTI

Rulman ƙafar babbar mota galibi mai siffar mazurari ne, biyu suna fuskantar juna. In za a canza, a canza zobe da abokinshi tare. Kada a haɗa sabo da tsoho. A cusa giris cikin ƴan gungumen da tafin hannu har shi fito ɗaya gefen. A sa sabuwar roba mai tsare mai, don ƙura kada ta shiga.

A ɗaure noti ana juya ƙafa, har komai ya zauna. Sa'an nan a sassauta kaɗan. Ƙafa ta juya sumul, ba ta rawa, ba ta cijewa. A kulle notin da makullinshi. In an matse da yawa, rulma shi ƙone. In an bari da sako-sako, ƙafa tana iya fita a guje.

Bayan gyara, a yi ƴar tafiya ba kaya, a tsaya a taɓa cibiya. Ɗumi ba laifi ba ne. In hannu bai iya zama, a sake buɗewa a duba rulma da birki.

MU TUNA

Masu mota da shugabannin ƙungiyoyin manoma, kada ku matsa wa makaniki don gobe kasuwa. Kwana ɗaya a garaji ya fi kwana uku a daji da kayan mutane. Direbobi da yaran mota, ku riƙe ɗan littafi. Ku rubuta lambar kowane rulma da ranar da anka sa shi.

Ga aiki ga ɗalibai. Rulma mai lamba 6208, raminshi milimita nawa ne? Mai lamba 30207 fa? Ku yi lissafi ku nuna wa malaminku. Wanda ya karanta, shi karanta wa wanda bai iya ba tukuna.

Allah shi kiyaye hanya, amin.