Maganin Kuturta da Aikin Ƙungiyoyin Taimako a Arewa

A shekarar 1937 aka danƙa wa mishan ɗin S.I.M. kula da sansanonin kutare na En'e, wato Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. Baitulmali yana ba da gudummawar kuɗi, mishan kuwa yana kawo likitoci da masu jiyya. Majiyyaci yakan bar garinsu ya zauna can shekara da shekaru.

Da ƙwayar dafson ta yaɗu bayan 1950, sai al'amari ya sake, domin magani ne mai araha, haɗiya ake yi, ba sai da allura ba. Saboda haka Gwamnati ta mai da hankali ga buɗe ɗakunan shan magani a ƙauyuka, mutum ya karɓa ya koma gonarsa. Sansanoni suka zama galibi na waɗanda cutar ta riga ta naƙasa.

Tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da maganin kuturta kyauta. Amma ƙwaya ba ta mayar da yatsun da suka gutsure, ba ta kuma ciyar da naƙasasshe. Nan ne ƙungiyoyin taimako suke da sauran aiki. Wajibi ne hakimai su san naƙasassun ƙasarsu, malamai su rubuta sunayensu, don kada taimako ya tsallake mai bukata.