Taekwondo: Yadda Gwanaye Ke Kare Kai Su Mai Da Martani

Daga Wakilinmu

Ran 29 ga Agusta, 2004, a birnin Atina na ƙasar Girka, aka yi karon ƙarshe na masu nauyin da ya haura kilo 80 a wasan Taekwondo na gasar Olamfik. Ɗan ƙasar, Alexandros Nikolaidis, dogo ne ƙwarai, ga kuma 'yan kallo duk suna bayansa. Tun a zagayen farko ya afka wa Moon Dae-sung na Koriya ta Kudu, shi kuwa Moon sai ya yi tsalle ya juya, ya tarbe shi da shuri a ka. Nan take wasa ya ƙare.

Wanda bai san wasan ba zai ce sa'a ce kawai, amma ba haka ba ne. Duk wanda ya ɗaga ƙafa don ya yi shuri, to a wannan lokaci a kan ƙafa ɗaya yake tsaye, nauyinsa ya riga ya tafi gaba, ba ya iya fasawa. Wannan ɗan taƙin shi ne abin da gwani ke jira.

Saboda haka malaman wasan ba su cika dogara da tarewa da hannu ba, domin ƙafa ta fi hannu ƙarfi nesa ba kusa ba, mai yawan tarewa kuwa yakan tashi da targaɗe ko karaya. Abin da suka fi koyarwa shi ne auna tazara. Ɗan wasa ya ja da baya taku ɗaya, ko ya goce gefe, shurin ya wuce a banza, sa'an nan ya rama tun ƙafar abokin karawarsa ba ta sauka ba. In ya makara ko da ƙiftawar ido ne, ramuwar ta zama ganganci, musamman shurin juyawa, wanda ke sa mutum ya ba abokin gaba baya.

Dokokin wasan ma sun ƙarfafa wannan. A gasar Paris ta 2024, shuri a ƙirji maki 2 ne, a ka maki 3, amma in da juyawa aka yi shi sai ya zama 4 da 5. Har ila yau ba a yarda mutum ya fake da kare kai ya yi ta gudu ba, wanda ya yi haka ko ya fita daga fili, sai a ba abokin karawarsa maki guda.

Tun da aka shigo da rigar ƙirji mai ƙirga maki da lantarki, wadda aka fara amfani da ita a Olamfik a Landan a 2012, salon tsaro ya sake. Yanzu ƙafar gaba ita ce garkuwa, da ita ake tokare mai kawo hari tun bai iso ba. A ganina wannan ya rage wa wasan armashi, ko da yake dogaye sun ci ribarsa. Cikinsu har da Abdoulrazak Issoufou Alfaga na Jamhuriyar Nijar, wanda ya ci lambar azurfa a Rio a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a Muju ta Koriya a 2017.