Amanar Mai Ruwaya a Labarin Kisan Kai

A daren 15 ga Nuwamba 1959, a ƙauyen Holcomb na jihar Kansas ta Amurka, waɗansu tsofaffin fursunoni biyu, Perry Smith da Richard Hickock, suka shiga gidan wani manomi, Herbert Clutter, bisa labarin da Hickock ya ji a kurkuku cewa yana da akwatin ƙarfe maƙare da kuɗi. Da ba su tarar da akwatin ba, sai suka hallaka shi da matarsa da 'ya'yansa biyu, suka fita da abin da bai kai dala 50 ba. Marubuci Truman Capote ya ga labarin a jarida, ya niƙi gari zuwa can tare da ƙawarsa Harper Lee, ya yi shekaru yana sauraron maƙwabta da 'yan sanda da makasan kansu, har aka rataye su a 1965, sa'an nan littafinsa In Cold Blood ya fito a 1966.

Abin da ya ɗaukaka littafin shi ne ya ari fasahar ƙagaggen labari, wato tsara al'amura daki-daki da shiga zukatan mutane, ya ɗora ta a kan waƙi'ar da ta auku haƙiƙatan, har mai karatu ya iske kansa yana tausayin Smith saboda ƙuncin ƙuruciyarsa, alhali bai manta da jinin da ya zubar ba. Wannan balaga ce, babu mai musu.

Amma fa Capote ya yi da'awar cewa babu ƙari a cikinsa, ga shi kuwa ba ya rubutu ko ɗaukar murya lokacin hira, da haddarsa ya dogara. Malaman hadisi, waɗanda suka shar'anta wa mai ruwaya adalci da kiyayewa, da sun tambaye shi isnadi. Tun a 1966 wani mai nazari, Phillip Tompkins, ya je Kansas ya gano saɓani tsakanin littafin da shaidun mutane. Ganawar nan kuma ta makabarta da ta rufe littafin, tsakanin mai bincike Alvin Dewey da ƙawar marigayiya Nancy, 'yar Clutter, ta tabbata ƙirƙira ce, domin marubucin ya ƙi rufewa da rataya.

Mamatan Holcomb ba su da bakin da za su gyara abin da aka jingina musu, dangi kuma suna nan da rai suna karantawa. Littafin ya cancanci a karanta shi don fasaharsa, amma ba a kafa hujja da shi.