Yarinyar da aka yi wa dashen zuciya da hanta rana ɗaya

An haifi Stormie Jones a jihar Texas ta Amurka a 1977. Tun tana 'yar ƙarama wasu kullutu masu ruwan ɗorawa suka feso mata a gwiwoyi da gaɓoɓin yatsu. Ashe kitse ne ya taru a ƙarƙashin fata. Da aka auna kolestarol ɗin jininta, sai aka ga ya kai wajen 1,000, alhali na yaro mai lafiya ba ya kai 200. Tana shekara shida jijiyoyin zuciyarta suka toshe, irin ciwon da aka saba ji a wurin dattawa. An yi mata tiyata, amma ba ta ɗore ba.

Laifin ba na abinci ba ne, gado ne. Tun wajen 1973, likitoci biyu a Dallas, Michael Brown da Joseph Goldstein, suka gano cewa ƙwayoyin jiki suna da wasu 'yan ƙofofi da ke janye kolestarol na LDL daga jini, kuma hanta ce ta fi yawansu. Wanda ya gaji matsalar ƙofofin nan daga uwa ko uba kawai, rabin ƙofofinsa na aiki. Ita Stormie ta gaje ta daga ɓangarorin biyu, don haka kusan babu ko ɗaya.

Nan ne abin mamakin yake. A ido hantarta ƙalau take, amma ita ce tushen cutar. Sai dai zuciyar ta riga ta jigata, ba za ta iya ɗaukar wahalar dashen hanta ba. In kuma zuciyar kaɗai aka sauya, kitsen zai sake toshe sabuwar. Ranar 14 ga Fabrairu 1984, a asibitin yara na Pittsburgh, likitoci Thomas Starzl da Henry Bahnson suka sauya duka biyun, aikin da ba a taɓa cin nasararsa ba kafin nan.

Kolestarol ɗin ya faɗo zuwa wajen 300. Maganin lovastatin, wanda sai da ƙofofin nan yake aiki, yanzu ya samu abin kamawa, ya ƙara sauke shi. A 1985 Brown da Goldstein suka karɓi kyautar Nobel saboda binciken nan nasu.

Stormie ta koma makaranta. A farkon 1990 ciwon hanta ya sa aka sake yi mata dashen hanta, sannan jikinta ya ƙi zuciyar da aka dasa. Ta rasu ranar 11 ga Nuwamba 1990, tana shekara 13.