TABO A SABON HAƘORI: TUN RAN GINI RAN ZANE

Jama'a, iyaye mata da dama a zangonmu sun kawo mana kuka iri ɗaya. Yaro ya yi famfara, ana murna haƙorin girma ya fito, sai a duba a ga ba fari fat ba ne kamar na da. Wani ya fito rawaya, wani da ɗigon fari kamar alli, wani kuwa da tabo ja kamar na tsohon maci goro. Nan da nan sai a ce ƙazantar yaron ce, a danne shi a yi ta dirza da gawayi ko toka har dasashi ya yi jini, tabo kuwa yana nan daram. Saboda haka muka ga ya kamata mu bayyana abin da likitocin haƙori suka sani, don a bar wahalad da yara a banza.

Haƙoran yarinta 20 ne, na girma 32. Na girma su kan fara fitowa wajen shekara 6, watau na gaba na ƙasa, da turame 4 da ke tsirowa can baya ba tare da wani ya faɗi ba. Dama can haƙorin girma ya fi na yarinta rawaya, gama abin da ke ƙarƙashin farin ɓawonsa ya fi kauri, shi kuwa rawaya ne. In dai launin bai ɗaya ne, sumul ba tabo, to, lafiya lau, a kwantar da hankali.

In kuwa tabo ne sosai, sai mu tuna ba ran da haƙori ya fito aka yi shi ba. Tun yaro yana goye a ke gina shi cikin muƙamuƙi, abin da ya same shi a wancan lokaci shi ke bayyana yau. Tun ran gini ran zane. Watau tabon a cikin jikin haƙorin ya ke, dirza ba ta kai gare shi, sai dai ta cinye ɓawon, shi kuwa in ya tafi ba ya komowa.

Abu na farko da ke kawo wannan shi ne ruwan sha. Akwai wani sinadari, fuloraid, wanda kaɗan daga cikinsa ya kan tsare haƙori daga kogo, amma in ya yi yawa kafin yaro ya kai shekara 8 sai ya ɓata launi. A Kolorado ta Amurka wani likita, Frederick McKay, ya soma bin sawun wannan tabo a 1901, ba a gane ruwa ke ɗauke da fuloraid ba sai 1931. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka, kada ya wuce miligiram 1.5 a lita. A nan Gana, rijiyoyin burtsatse da yawa na gundumar Bongo, kusa da Bolgatanga, sun wuce wannan iyaka, saboda irin dutsen da ke ƙasan wurin. Alamarsa ita ce tabon ya kama dama da hagu daidai wa daida, a kuma gan shi ga sauran yaran da suka sha rijiya ɗaya.

Na biyu, wani haƙori ya kan fito da ɓawo marar ƙwari, musamman turamen nan 4 da na gaba. A kan fi ganin haka ga yaran da suka sha jinya da zazzaɓi mai zafi kafin shekara 3. Irin wannan shi ne abin gaggawa, don ya kan yi tsami in an sha ruwan sanyi, ya kan kuma marmashe wajen tauna.

Na uku, in haƙori ɗaya tak ne ya ɓaci, a tambayi uwa ko yaron ya taɓa faɗuwa a kan baki yana ƙarami, ko haƙorin yarinta na wurin ya ruɓe ya yi ƙurji. Wanda ke ƙarƙashi shi ya kwashi raunin.

Na huɗu shi ne maganin tetarasaikilin, kafson nan ja da rawaya da a kan saya a kasuwa don gudawa. In mai ciki ta sha, ko aka ba yaron da bai kai shekara 8 ba, ya kan rina haƙori ruwan toka ko ruwan ƙasa har abada.

To, mene ne abin yi? A kai yaro wurin likitan haƙori, akwai su a asibitin Komfo Anokye na Kumasi da babban asibitin Tamale. In tabon na bisa ne, irin wanda maganin ƙarin jini kan bari, wanki ɗaya ya ishe shi. Marar ƙwari a kan shafe shi da magani ko a cike shi tun bai ragargaje ba. Gyaran launi kuwa yana da hanyoyi, waɗansu sai yaro ya girma. A gida a riƙa goge baki safe da dare da burushi mai laushi, man kada ya wuce ƙwayar wake, a kuma koya wa yaro tofarwa, kada ya haɗiye.

Sa'an nan mu dubi ƙannensa, gama nasu haƙoran yanzu a ke gina su. In ruwa a ke zargi, a kai shi a auna, in ya wuce iyaka a sake musu rijiya. Tafasawa ba ta cire fuloraid, ƙara masa ƙarfi ma ta ke yi.

Daga ƙarshe muna roƙon iyaye da malamai a bar yi wa irin waɗannan yara ba'a. Mun ga yarinyar da ta daina dariya sai ta rufe baki da gyale, alhali ba ita ta haƙa rijiyar ba. A gaya mata ba laifinta ba ne, a kuma kai ta asibiti.