Tayil a Kan Daɓen Katako: Abin da Ya Kamata Ka Sani Kafin Ka Karɓi Aikin

'Yan uwana ɗalibai, musamman mu 'yan sashen gine-gine da muka kusa fita, ga wata tambaya da za ku sha ji a wajen aiki: "Injiniya, za a iya manna tayil a kan daɓen katako?" Mu mutanen Birnin Gwari ba baƙuwa ba ce gare mu, don garin yana bakin daji, katako ya fi sauƙin samu, kuma za ka ga shago ko bene da aka yi wa ƙasa da falankai. Amsata ita ce za a iya, amma ba kai tsaye ba.

Katako ko an sare shi an busar, bai daina shan danshin iska ba. Da damina ya kumbura, da hunturu ya tsuke. Kun ga yadda ƙofar ɗaki ke ƙin rufuwa a watan Agusta, a Janairu kuma ta riƙa lilo? To haka daɓen yake yi. Falanki mai faɗin santimita 10 na iya motsawa kusan milimita 2 tsakanin damina da rani, ta faɗinsa, ba ta tsawonsa ba. Shi kuwa tayil gasasshen yumɓu ne, ba ya lanƙwasa. Idan aka manna su da siminti da yashi irin na kullum, katako zai ja, tayil ya ƙi bi, sai ya tsage ko ya ɓalle. Daga nan ruwan goge-goge ya samu hanya, katakon ya ruɓe a ɓoye, gara ta zo ta ƙarasa. Dama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Saboda haka kafin ka faɗi kuɗin aiki, duba abin da ke ƙarƙashi. In 'yan guntayen katako ne aka manna a kan kankare, cire su, ka kankare tsohon gam, ka yi sabon daɓen siminti. In falankai ne a kan katakan da ke ɗauke da su, taka ko'ina ka yi tsalle. Ka ji yana rawa ko ƙara? Akwai gyara. Ƙa'idar da muka karanta ita ce kada lotsawar ta wuce kashi 1 cikin 360 na tsawon katakon da ke ɗauke da nauyin, wato mai mita 3.6 kada ya lotsa fiye da milimita 10. Ka tuna za ka ɗora wa kowace murabba'in mita nauyin da ya kai kilo 30. In tubaifo ne a ƙasa, sai kafinta ya ƙara ƙarfi. Falankin da gara ta ci ko ya ruɓe, a canza shi, sauran a ɗaure su da sukuru, don ƙusa tana sakin jiki.

Sai a raba tayil da falankan. A shimfiɗa filawud mai kaurin milimita 15 zuwa 18, irin wanda ke jure ruwa, a ɗaure shi da sukuru duk bayan santimita 30. A kansa a ɗora allon siminti na milimita 6, kada mahaɗarsa ta faɗa kan mahaɗar filawud ɗin. Gam ɗin tayil kuma a sayi mai sassauci, a karanta jikin buhu a tabbatar. A bar tazarar milimita 3 tsakanin tayil da tayil, da kamar milimita 6 a jikin bango, ita wannan a cike ta da silikon, ba farin siminti ba. A jira awa 24 kafin a taka. Ka gaya wa mai gida tun farko cewa ƙasan zai ɗago kusan santimita 3 zuwa 4, dole a rage ƙofofi. Zai ce ka cika tsada. Ka nuna masa lissafin sake aikin gaba ɗaya bayan damina biyu.

Akwai kuma lokacin da ya kamata ka ce masa, "Alhaji, a bar katakon nan." In falankan maɗaci ne, ko kawo, ko madobiya, kuma lafiyarsu ƙalau, samfefa da banish sun ishe su. Irin waɗannan itatuwan ne ke dazukanmu, har da dajin Kamuku da aka keɓe tun 1936, ya zama gandun daji na ƙasa a 1999. Madobiya kuwa an sare ta a Afirka ta Yamma ana kai wa Sin, har yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinta daga 2017. Itacen da ya shekara gommai kafin ya isa yanka, asara ce a binne shi a ƙarƙashin tayil.

In kuma dole sai an cire, a cire a hankali, kada a farfasa. Kafinta zai fitar da ƙofa ko benci daga ciki, an huta sare wani.